Daga Hirar Dandali zuwa Hirar Waya: Tarihin Daren Ɗalibi a Malanville da Kewayenta

Gabatarwa

Malanville gari ne da ke can ƙurewar arewacin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, a bakin kogin Kwara. Wanda ya tsaya a gaɓa yana hango ƙasar Nijar a tsallake, inda hanya ta bi ta Gaya ta miƙe zuwa Dosso da Yamai. Babu jami'ar gwamnati a garin. Duk yaron da ya ci jarrabawar bakaloriya, kuma yake da burin ci gaba da karatu, tilas ya bar gaban iyayensa: ko ya gangara Parakou, tafiyar kilomita 300 da ɗoriya, ko ya zarce Abomey-Calavi kusa da Kwatano, wadda nisanta ya haura kilomita 700, ko ya haye kogi ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Masu dangi a Kabi da Sakkwato kuwa, wasunsu kan karkata zuwa Nijeriya. A duk inda ɗalibin ya sauka, wayar da ke aljihunsa ce igiyar da ta ɗaure shi da gida, kuma galibi da daddare ake jan igiyar nan.

Malamai da iyaye sun daɗe suna kukan cewa ɗalibai na raba dare a kafafen sada zumunta, su wayi gari suna gyangyaɗi a aji. Kukan yana kan hanya, sai dai akan yi shi kamar hirar dare baƙuwa ce da ta iso tare da waya. Tarihi bai nuna haka ba. Bahaushe da maƙwabtansa sun saba hira da karatu bayan isha'i tun kafin a san fitilar ƙwai. Abin da ya sauya cikin shekaru ashirin da suka wuce shi ne, a da kowace hirar dare tana da abin da ke rufe ta, yanzu kuwa an cire marufin, alhali lokacin tashi da asuba yana nan inda yake. Wannan muƙala ta bi sawun yadda aka yi hakan ta faru, da abin da take jawo wa ɗalibin jami'a.

Garin da hanya ta haifa

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare Kwara ta wannan yanki, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Parakou da Djougou. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi cikakken bayanin wannan fatauci a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. A kowane zango akan yi hira, a ji labarin hanya da farashin kaya da halin sarakunan da ke gaba. Amma madugu ke da iko da daren. Ayarin da zai tashi da duku-duku don ya ci tafiya kafin rana ta take ba zai bar mutanensa su kwana zaune ba.

Sunan garin na farko Tassi, wato rairayi a harshen Dendi da Zabarmanci. Faransawa ne suka sauya masa suna don tunawa da Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Dahomey na zamanin mulkin mallaka. Layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou a 1936, bai ƙarasa kogi ba, saboda haka kayan Nijar sai an sauke su daga jirgi an loda wa manyan motoci. Da aka gina gada a kan kogin a 1958, Malanville ta zama ƙofar da Nijar ke bi ta kai ga teku, kasuwarta kuma ta bunƙasa har ake lissafa ta ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano. Ƙidayar 2013 ta ba gundumar mutum fiye da 168,000, waɗanda suka haɗa da Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Yarabawa da sauransu. Hausa na cikin harsunan ciniki, Faransanci kuma harshen makaranta.

Gari irin wannan ya san masu kwana ido biyu: direbobin da ke jiran takardun kwastan, da masu shayin da ke jiran direbobin, da 'yan dako. Sai dai waɗannan ma'aikatan dare ne, suna rama barcinsu da rana. Ɗalibi ba shi da wannan damar.

Daren da ke da marufi

Hausawa na cewa dare mahutar bawa. Duk da haka ba su miƙa wa barci daren gaba ɗaya ba. Sun ware farkonsa, daga bayan isha'i, domin hira. Yara su kewaye kakarsu ko wata tsohuwa a tsakar gida, 'yan mata da samari su fita dandali, magidanta su zauna a zaure ko ƙofar gida. Abin lura ga mai nazarin adabin baka shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan zama yana ɗauke da ƙarshensa a jikinsa. Tatsuniya tana da mabuɗi, tana da marufi: ana buɗe ta da gatanan gatananku, ana rufe ta da ƙurunƙus. Da zarar tsohuwa ta furta kalmar nan a tatsuniya ta ƙarshe, ba sauran jayayya, kowa ya nemi makwanci. Har ma an yi wa tatsuniyar katanga ta ɗaya ɓangaren, domin akan tsoratar da yara cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata a kasuwa. Ma'anar camfin a fili take: rana ta aiki ce, labari yana da nasa lokacin.

Wasan dandali ya dogara da farin wata, in wata ya faɗi an tashi. Hirar zaure ta dogara da aci-balbal, wadda ke shan man gyaɗa ko man kaɗanya, daga baya kuma fitilar ƙwai mai shan kananzir. Mai kuɗi ne, maigida kuwa yana lissafinsa. A bayan duk wannan akwai koyarwar addini. Hadisin Abu Barza da ke cikin Bukhari ya nuna cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha'i, ba ya kuma son zance bayanta, ko da yake malamai sun cire zancen ilimi da na buƙata daga cikin abin da ake ƙi.

Wannan togaciya ce ta ba ɗalibin da daren karatunsa. A tsangaya almajirai kan tara kara da itace da rana, su hura wuta bayan isha'i, su zagaye ta da allunansu. In wutar ta ci ta cinye, sai kwanciya, sannan a tashi kafin asuba a maimaita. Malaman tsangaya ba su karanta littafin kimiyyar ƙwaƙwalwa ba, amma tsarin nasu ya yi daidai da abin da gwaji ya tabbatar. A 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell a Amurka suka sa ɗalibai biyu haddace wasu gaɓoɓin kalma marasa ma'ana, suka gano cewa abin da aka haddace aka kwanta a kansa ya fi zama daram fiye da wanda aka haddace aka ci gaba da harkoki na tsawon lokaci ɗaya. Barcin da ke tsakanin tilawar dare da ta asuba wani ɓangare ne na haddar.

Akwai kuma ƙailula. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna a littafinsa na 2005 cewa mutanen Turai kafin zuwan lantarki sukan raba barcinsu biyu, su farka a tsakiyar dare na ɗan lokaci su koma. A ƙasashen Sahel ma barci a rarrabe yake, sai dai rabon ya bi sallah da zafin rana: wani da dare, wani bayan asuba, wani da tsakar rana. A gari kamar Malanville, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, ɗaki ba ya kwantuwa da wuri, kuma ƙailula ce ke cike giɓin.

Rediyo da bidiyo

Ranar 13 ga Maris 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirinsa na minti 15 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Muryar Amurka ta buɗe nata sashen a 1979, Rediyo Faransa kuma a 2007, ban da Rediyon Kaduna da Muryar Jamus da suka daɗe a kunnen jama'a. Gajeren zango bai san kan iyaka ba, don haka mai shayi a Malanville da takwaransa na Kamba labari ɗaya suke ji a sa'a ɗaya, da yake Benin da Nijar da Nijeriya agogonsu ɗaya ne. Rediyo ya shigo da duniya cikin hirar dare, amma bai tsawaita ta sosai ba. Shiri rabin sa'a ne ko sa'a guda, mai gabatarwa ya yi sallama, batir kuma tsada gare shi. Gidajen talabijin na gwamnati su ma sukan rufe tasha da taken ƙasa wajen tsakar dare.

Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, sun bazu har zangon Hausawa na Benin da Gana. Gidan kallo ya ƙara wa samari sa'a biyu ko uku. Shi ma yana da marufi: kaset ya ƙare, mai gida ya kashe janareta.

Lokacin da dare ya zama haja

Wayar salula ta GSM ta shigo Benin da Nijar da Nijeriya tsakanin 2000 da 2001. A shekarun farko kira tsada gare shi, mutum kan yi magana yana kallon daƙiƙa. Sai kamfanoni suka lura da wani abu da duk mai sayar da lantarki ko kujerar mota ya sani: na'urorinsu na cike maƙil da rana, da dare kuwa a banza suke zaune, ga kuɗin man janareta da na masu gadi ana biya ko an yi kira ko ba a yi ba. Duk abin da aka samu a sa'o'in nan riba ne, ko da kuwa ribar ita ce riƙe mai layi kada ya koma wani kamfani. Gidajen intanet na biranen Nijeriya sun riga su gane haka, domin tun farkon shekarun 2000 suna sayar da kwanan lilo a farashi mai rahusa, a kulle ƙofa da dare a buɗe da safe, ɗalibai na ciki.

Wajajen 2006 kamfanin MTN na Nijeriya ya fito da tsarin Xtracool, wanda ya ba masu layinsa kira kyauta daga ƙarfe 12:30 na dare zuwa 4:30 na asuba. Wasu kamfanonin suka bi sahu. Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai a shekarun nan ya san abin da ya biyo baya: a saita ƙararrawa don a farka tsakar dare, a fita baranda ko gindin bishiya inda sabis ya fi ƙarfi, a yi ta zance har kiran sallar farko. Yana da kyau a tsaya a nan, domin nan ne mahaɗar tarihin. A karo na farko an ɗauki sa'o'i huɗu da suka fi kowane lokaci amfani ga barci, an mayar da su lokacin da talaka zai iya magana da nasa ba tare da lissafi ba. Ɗalibin da ya rungumi tayin bai yi wauta ba, ya yi abin da aljihunsa ya ba shi ne. Mai hali yana kira da rana ya biya da kuɗi, marar hali yana kira da dare ya biya da barcinsa.

Da intanet ta sauko cikin waya, tsarin bai mutu ba, riga ya sauya. Manhajar 2go, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, ta mamaye matasan Nijeriya wajajen 2010 zuwa 2013 saboda tana aiki a ƙananan wayoyi kuma ba ta cin data. Facebook, wanda aka kafa a 2004, da WhatsApp na 2009, suka karɓe filin, daga baya Instagram da TikTok suka shigo. Kamfanonin waya a ƙasashen uku suka riƙa sayar da ƙunshin data na dare, mai arha ƙwarai idan aka gwada da na rana, wanda ba ya aiki sai dare ya raba kuma yana mutuwa da wayewar gari. Abin da ba a ƙarar ba ya tafi. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya hana mai saye kwanciya, don Bahaushe ba ya son asarar abin da ya biya.

Su kuma masu ƙera manhajojin sun cire nasu marufin. A 2006 Facebook ya fito da shafin labarai mai sabunta kansa, a shekarar ce kuma Aza Raskin ya tsara shafi marar ƙarshe, wanda ake ja da yatsa yana ta zubo sabo. Daga baya shi da kansa ya bayyana nadamarsa a kan yadda aka yi amfani da ƙirƙirar. A 2017 shugaban Netflix, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci na cikin abokan gasar kamfaninsa. Littafi yana da bango na baya, shirin rediyo yana da sallama, amma shafin TikTok an gina shi ne musamman don kada a kai ga ƙurunƙus.

Harshe ya adana tarihin wannan ƙaura, kuma ɗalibin Hausa zai ga abin sha'awa a nan. Kalmomin tsohon dare ne aka kwasa aka ba sabon: ana cewa dandalin sada zumunta, ana cewa zauren WhatsApp, abin da ake yi a ciki kuwa hira ce. Tatsuniya ma ta samu magajiya a littattafan Hausa da marubuta, galibinsu mata, ke saki shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, kowane shafi ya tsaya a inda ran mai karatu zai rataya.

Yadda kafafen suka zama abin da ba a iya rabuwa da shi ya bayyana a Benin a 2018. A watan Yuli gwamnatin Patrice Talon ta sa hannu a kan dokar da ta ɗora harajin dala ɗaya, wato sefa 5, a kan kowane megabait da aka kashe a WhatsApp da Facebook da makamantansu. Gigabait ɗaya ke nan zai ƙaru da kusan sefa 5,000. Matasa suka tayar da ƙura a intanet, kuma kwanaki kaɗan bayan dokar ta fara aiki, ranar 22 ga Satumba, gwamnati ta janye ta.

Abin da bincike ya gano

Likitocin barci sun daidaita a kan cewa baligi na buƙatar aƙalla sa'a 7 a dare, matashi mai shekara 18 zuwa 25 kuwa tsakanin 7 da 9. A ɗauki misalin ɗalibi Musulmi a Parakou ko Yamai da ya ajiye waya ƙarfe 2. Asuba a wannan yanki tana kamawa tsakanin ƙarfe 5 da 6 gwargwadon yanayin shekara. In ya tashi 5:30 ya yi barcin sa'a uku da rabi. In ya koma ya ƙara sa'a ɗaya kafin laccar safe, ya samu huɗu da rabi. Bashin sa'a biyu da rabi ke nan kullum, sa'a 12 da rabi a kwanaki biyar na karatu. A jami'o'in da ɗalibai suka fi ƙarfin ɗakunan lacca, jadawali kan cinye tsakar rana, don haka ƙailular da ta ceci kakansa ba lalle ta samu ba.

Mafi muhimmancin bincike a kan irin wannan bashi shi ne na Hans Van Dongen da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania, wanda aka buga a 2003. Sun raba mutum 48 rukuni-rukuni, wasu suna barcin sa'a 8, wasu 6, wasu 4, har kwana 14. Masu sa'a 6 hankalinsu ya yi ta dusashewa kullum, har a ƙarshen mako na biyu suka yi daidai da wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba. Abin tsoron shi ne, da aka tambaye su, ba su ji cewa barci ya dame su sosai ba. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ɗalibi ke rantsuwa cewa shi ya saba. Jin gajiyar ne ya saba da shi, ƙwaƙwalwar ba ta saba ba.

Game da haske, a 2015 Anne-Marie Chang da Charles Czeisler da abokansu na Harvard suka buga sakamakon gwajin mutum 12 da suka yi karatu a iPad na sa'a huɗu kafin kwanciya har dare biyar, sannan suka yi wasu dare biyar da littafin takarda. A dararen na'ura, sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi, ya ragu kuma ya makara da fiye da sa'a ɗaya da rabi, barci ya yi jinkirin zuwa da kimanin minti 10, kuma sun wayi gari a kasale. An yayata wannan bincike har maganar shuɗin haske ta zama kamar ita ce duk matsalar. A nan ya kamata a yi hattara. Minti 10 ba su ne ke kayar da ɗalibi ba. Wanda ya sa wa wayarsa launin dare ya ci gaba da kallo har ƙarfe 3 bai tsira da komai ba. Babbar asarar ita ce sa'o'in da aka ƙwace wa barci kai tsaye, sai kuma tashin hankalin da abin da aka gani ke haifarwa: musun siyasa, hoton bikin da ba a gayyace ka ba, saƙon da aka karanta ba a amsa ba.

A 2016 Jessica Levenson da tawagarta a Jami'ar Pittsburgh suka nazarci matasa 1,788 masu shekara 19 zuwa 32. Waɗanda suka fi yawan leƙa kafafen sun ninka masu ƙarancin leƙawa sau uku wajen yiwuwar fama da matsalar barci, waɗanda suka fi daɗewa a kai kuma sun ninka sau biyu. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, kuma alaƙar tana tafiya ta fuska biyu, domin wanda barci ya ƙaurace wa shi ma waya yake ɗauka. Amma binciken Luca Braghieri da Ro'ee Levy da Alexey Makarin na 2022 ya matsa gaba. Sun yi amfani da yadda Facebook ya riƙa shiga jami'o'in Amurka ɗaya bayan ɗaya daga 2004 zuwa 2006, suka ga cewa alamomin ciwon damuwa sun ƙaru a jami'ar da ya shiga, haka ma yawan ɗaliban da ke cewa damuwar ta taɓa karatunsu.

Sai maganar maki. A 2019 aka buga binciken da aka yi a MIT, inda aka ɗaura wa ɗalibai 100 na wani darasin kimiyya agogon da ke auna barci tsawon zangon karatu. Yawan barci da ingancinsa da daidaitonsa sun bayyana kusan kashi 25 cikin 100 na bambancin makin ɗaliban. Barcin daren jajibirin jarrabawa shi kaɗai bai yi tasiri ba, na makonnin da ake koyon darasin ne ya yi. Malamin darasin, Jeffrey Grossman, ya ƙara da cewa masu kwanciya bayan kimanin ƙarfe 2 sun fi samun ƙarancin maki ko da sun cika sa'o'insu. A 2023 David Creswell na Jami'ar Carnegie Mellon ya bi ɗaliban shekarar farko fiye da 600, ya gano cewa kowace sa'a ɗaya da ta ragu daga barcin dare a farkon zango tana tafiya da 0.07 na matsakaicin maki a ma'aunin 4. Adadin kamar ƙarami ne. Amma a jami'o'in Benin da Nijar, inda ake auna maki a kan 20, rabin maki kan raba wanda ya haye da wanda zai sake zama jarrabawa, kuma sake shekara a Abomey-Calavi na nufin ƙarin kuɗin haya da na abinci daga aljihun mai sayar da albasa ko shinkafa a kasuwar Malanville. A Amurka aka yi waɗannan gwaje-gwaje, a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗalibin da ke kwana da zafi da sauro da cunkoson abokan ɗaki ya fara ne da barcin da bai kai nasu inganci ba.

Da aka rufe gada

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya hau mulki. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ECOWAS ta ba da umarnin rufe iyakoki da Nijar. Aka toshe gadar Malanville, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin hanya, kaya suka riƙa lalacewa a cikinsu. A farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, Yamai da Dosso suka shiga rabon lantarki unguwa-unguwa. ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata bisa zargin cewa akwai sansanonin Faransa a Benin, zargin da Kwatano ta musanta. Mutane suka koma haye kogi da kwale-kwale kamar kafin 1958.

Wannan lamari ya nuna iyakar wa'azin da ake yi wa ɗalibi. Yaron Malanville da ke karatu a Yamai, ko ɗan Gaya da ke Parakou, a watannin nan ta waya yake sanin ko ana hayewa, nawa masu jirgi ke karɓa, ta wace hanya kuɗin abincinsa zai iso, ko kasuwar mahaifinsa tana nan da rai. Iyayen da ba su yi boko ba suna aiko saƙon murya da Dendi ko Hausa, kuma ba sa samun sukunin yin hakan sai an tashi daga kasuwa an yi isha'i. In wuta ba ta zo ba sai tsakar dare, a lokacin ake caji, a lokacin ake sauke darasi. Ɗalibin ya ɗauki wayar da dalili mai ƙarfi. Matsalar ita ce saƙon uwa na minti biyu yana zaune a na'ura ɗaya da shafin da ba ya ƙarewa, kuma tsakaninsu taɓawar yatsa ɗaya ce.

Shawarar da aka fi ji daga likitocin Turai ita ce a bar waya a wajen ɗakin kwana. A ɗakin da mutum huɗu ko shida ke kwana, wayar ita ce tocila, ita ce ƙararrawar asuba, a cikinta takardun darasi suke, kuma wanda ya bar ta a waje ya yi kyauta da ita. Abin da ya fi kusa da hali shi ne ƙayyadewa. A 2018 Melissa Hunt ta Jami'ar Pennsylvania ta gwada haka da ɗalibai 143: rukuni ɗaya ya taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako uku, kuma kaɗaici da damuwa sun ragu a cikinsu idan aka kwatanta da waɗanda aka bari yadda suka saba.

Wani ɓangaren gyaran kuma ba a hannun ɗalibi yake ba. A jami'o'i da yawa na yankin, zauren WhatsApp na aji ya maye gurbin allon sanarwa. Ta nan wakilin aji ke sanar da cewa an ɗage laccar gobe, ko an sauya ɗaki, ko malami ya matso da gwaji, kuma sau da yawa sanarwar kan fito ƙarfe 11 ko 12 na dare, saboda a lokacin ne malamin ya kira wakilin. Ɗalibin da ya kashe wayarsa ƙarfe 10 yana iya biyan kuɗin babur ya je ya tarar da ɗaki a kulle, ko ya yi zamansa a gida a yi gwaji ba shi. Bayan ya gamu da haka sau ɗaya ko biyu, ba zai sake kashe ta ba. Sashen da ya tsayar da ƙa'idar cewa duk sanarwar da ta wuce ƙarfe 8 na dare ba ta hau kan kowa ba, bai kashe ko dala ba, kuma malaman da ke kukan gyangyaɗi a aji su ne ke da ikon tsayar da ita.